BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: NASIHA GA MAI SHIRIN JARRABAWAR DOKA

Duk shekara idan zafin bazara ya kai maƙura, hadari ya fara haɗowa daga gabas, akwai wani irin zazzaɓi da yakan kama samarin ajin ƙarshe na sakandare a Jega da Aliero da Maiyama, kamar yadda yake kama takwarorinsu a sauran sassan ƙasar nan. Zazzaɓin jarrabawa ke nan. Ta hukumar WAEC takan zo a tsakanin Mayu da Yuni, ta NECO ta biyo bayanta daidai lokacin da ake shuka da noman farko, ga kuma ta hukumar NBAIS ga ɗaliban makarantun Arabiyya da Islamiyya. A wannan lokaci ne saurayin da ya shekara uku tsakanin majalisar mai shayi da gidan kallon ƙwallo yakan farka a firgice, ya shiga neman littafin da ya manta inda ya ajiye, yana so ya haɗiye karatun shekara uku a cikin dare uku. Bahaushe kuwa tuni ya yanke hukunci a kan irin wannan, da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma tunda ranar tafiyar ta riga ta zo, zargi kaɗai ba zai amfani kowa ba. Abin da ya rage shi ne a duba me ɗan uwa ɗalibi zai yi da 'yan kwanakin da suka saura a hannunsa, musamman a darussan da suka shafi doka da shari'a. A makarantun sakandaren ƙasar nan babu darasi guda da aka raɗa wa suna doka, an rarraba ta ne gida uku. Akwai darasin Gwamnati, wanda mai son karanta aikin lauya a jami'a ba ya wasa da shi. Akwai darasin sanin haƙƙi da wajibin ɗan ƙasa, wanda ɗalibai suka fi sani da Sibik, da aka fara jarrabawa a kansa a WAEC a 2014, kafin gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa za ta haɗe shi da tarihi a sabuwar manhaja. Sannan akwai Fiƙihu, da babin aure da ciniki da rabon gado a cikinsa. Suna na iya canzawa, amma abin da ke ciki yana nan: wa ke da iko, ina iyakar ikonsa, mene ne haƙƙin talaka, kuma ina zai kai kuka idan an danne shi.

Saboda haka jarrabawar waɗannan darussa ta sha bamban da sauran. Takan fara ne tun kafin a raba takarda, a daren da wani ya matso kusa da ɗalibi ya raɗa masa cewa tambayoyin gobe sun fito.

Karya doka don cin jarrabawar doka

Wannan annoba ta satar amsa, da ake kira ekspo, ba yau ta fara ba. A 1977 tambayoyin WAEC sun yi fitar da ta girgiza ƙasar nan, har gwamnatin soja ta lokacin ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta fito da doka mai lamba 20, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. A 1999 aka sake fito da wata dokar ta musamman a kan maguɗin jarrabawa, mai lamba 33. A ƙarƙashinta yaron da bai kai shekara 18 ba, idan aka same shi da laifi, zai biya tarar Naira 100,000, ko ya sha ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko a haɗa masa duka biyun. Shugaban makaranta ko malami ko mai tsaron jarrabawa, shekara huɗu ce babu zaɓin tara. Wanda kuwa ya kai 18, kamar yadda da yawa daga cikin samarin ajin ƙarshe a wannan yanki suka kai, shekara uku ce, shi ma babu zaɓin tara. Duk da haka cutar ba ta warke ba. A watan Mayun 2025, saboda fitar tambayoyin Ingilishi, sai da aka jinkirta jarrabawar a wurare da dama har duhu ya shiga, 'ya'yan mutane suka riƙa rubutu da hasken tocila, hukumar WAEC ta fito ta ba da haƙuri. Ɓarawo ya yi sata, wanda bai ji ba bai gani ba ya kwana a ɗakin jarrabawa.

Yanzu don Allah a dubi wannan abin mamaki. Saurayi ya tara kuɗin da ya samu a dakon albasa a Aliero, ko ya matsa wa mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta, ya tura wa wani da bai taɓa gani ba a WhatsApp don a aiko masa da amsoshi. Gari ya waye, ya zauna, tambaya ta farko ta ce ya bayyana ma'anar bin doka da oda, ta biyu ta ce ya kawo illolin cin hanci da rashawa, shi kuwa yana kwafo amsar daga takardar da ya cusa a cikin safa. Shin wannan ya ci jarrabawar doka ko ya faɗi? Ko da sakamako ya fito da A1, ai ya riga ya faɗi tun a daren jiya, domin an jarraba shi a aikace ya kasa. Galibi ma amsoshin na bogi ne, an damfare shi a banza. Idan kuma na gaske ne, masu duba takardu ba yara ba ne: da zarar sun ga ɗalibai arba'in sun yi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, sai a riƙe sakamakon, wani lokaci na makarantar baki ɗaya. An yi ba a yi ba ke nan, ba ilimi, ba kuɗi, ba takarda.

Akwai uzurin da samari suka saba kawowa, kuma adalci ne a saurare su. Sukan ce malamin Gwamnati bai gama manhaja ba, wata makarantar ma zango guda takan yi ba malamin. Sukan ce aji ya cika ya batse, littafi ya yi tsada, wutar lantarki sai an ga dama, da rana kuma ga gona ga kasuwa. Sukan ce 'ya'yan masu hali ana kai su makarantun da ake kira mirakul senta, inda ake rubuta amsa a kan allo, to don me ɗan talaka zai zama shi kaɗai ne mai gaskiya? Duk wannan akwai shi, kuma alhakinsa yana wuyan hukumomin da suka yi sakaci da iyayen da ke biyan kuɗin maguɗi da hannunsu, kaico! Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ɗan uwa ya tsaya ya yi tunani: zaluncin da aka yi masa na hana shi malami, shin satar amsa ta ɗauke masa shi ne, ko ta ƙara masa wani? An hana shi ilimi, shi kuma ya sa hannu ya amince a ba shi takarda a madadinsa. Wanda ya hana shi malami babu abin da yake so kamar haka, domin mai takarda ba ilimi ba ya iya tambayar kowa bahasi.

Abin da mako guda zai iya ɗauka

Wanda ya rufe waccan ƙofa, to ya sani ko da mako guda ya rage masa bai yi asara duka ba, matuƙar ya daina ruɗin cewa zai karance littafi daga bango zuwa bango. Kwanakin ƙarshe na kafa ginshiƙai ne, kuma ginshiƙan waɗannan darussa ba su da yawa.

Na farko shi ne rabon iko. Kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya fara aiki ranar 29 ga Mayun shekarar, ya ba majalisa ikon yin doka a sashe na 4, ya ba ɓangaren zartarwa ikon aiwatarwa a sashe na 5, ya ba kotuna ikon shari'a a sashe na 6. Majalisar Dattawa kujeru 109 ce, ta Wakilai 360. Maimakon ɗalibi ya haddace wannan kamar aku, ya ɗora shi a kan ƙasar da yake takawa. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da ƙananan hukumomi 21. Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin mazaɓar sanata ta Kebbi ta Tsakiya, amma a Majalisar Wakilai Jega da Aliero suna tare da Gwandu, ita kuwa Maiyama tana tare da Koko/Besse. Wanda ya gane wannan ya gane bambancin majalisun biyu fiye da wanda ya kwana yana maimaita ma'anarsu da Turanci.

Na biyu shi ne babi na huɗu na kundin, daga sashe na 33 zuwa na 46, inda aka jera haƙƙoƙin ɗan Adam: rai a 33, mutunci a 34, 'yancin walwala a 35, adalcin shari'a a 36, addini a 38, faɗin albarkacin baki a 39, taro da ƙungiya a 40, zirga-zirga a 41. A nan ya kamata ɗalibi ya fi daɗewa, domin nan ne jarrabawa da rayuwa suka haɗu. A ɗauka rigima ta tashi a kasuwar Jega, aka kwashe samari aka kai caji ofis, da mai laifi da mai kallo. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya ce dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma idan ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta, kuma ba a hukunta mutum a kan laifin da babu rubutacciyar dokar da ta ambace shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da haramta kama wani a madadin wani, wato ba a tsare tsoho don an rasa ɗansa. Ko ana bin waɗannan ƙa'idoji a aikace, wannan wata magana ce. Amma wanda bai san da su ba, ta yaya ma zai san an tauye shi? Saurayin da ya sayi amsar wannan babi ya sayar da garkuwarsa ne ya sayi hoton garkuwa.

Na uku shi ne matakalar kotuna. A ƙasa akwai kotun majistare da kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda jihar Kebbi ta faɗaɗa huruminsu a shekarar 2000. Sama da su akwai Babbar Kotun Jiha, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda sashe na 277 ya ba ta hurumi a kan aure da riƙon yara da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado. Daga waɗannan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, daga ita sai Kotun Ƙoli a Abuja, inda magana ke ƙarewa. Ɗalibi ya ɗauki rikicin gadon gona guda daga wani ƙauyen Maiyama, ya bi shi mataki-mataki a kan takarda har Abuja. In ya yi haka sau biyu, ba zai sake mantawa ba.

Na huɗu shi ne tarihin kundin, wanda masu tambayar darasin Gwamnati ba sa gajiya da shi. Kowane kundi a riƙe shi da abu ɗaya da ya kawo. Na Clifford a 1922 ya kawo zaɓe, kujeru huɗu kacal, uku a Legas ɗaya a Kalaba, Arewa kuwa ba ta cikin majalisar. Na Richards a 1946 ya kawo yankuna uku. Na Macpherson a 1951 ya biyo bayan taron Ibadan na 1950, inda aka ji ta bakin 'yan ƙasa. Na Lyttleton a 1954 ya kafa tsarin tarayya. Na 1960 'yancin kai, na 1963 jamhuriya da daina ɗaukaka ƙara zuwa Ingila, na 1979 tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko irin na Amurka. Layi bakwai ke nan, rabin shafi ya ishe su.

Ga ɗalibin Fiƙihu kuwa, babin da ya fi kayar da masu karatun daren ƙarshe shi ne rabon gado, saboda shi lissafi ne, ba ya karɓar kame-kame. Kason da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Kafin a raba sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. A misalta manomi a Aliero ya rasu, bayan an fitar da waɗannan aka samu buhun albasa 72, ya bar mata ɗaya da mahaifiya da ɗa namiji da 'ya mace, mahaifinsa kuma ya riga shi. Matar tana da sumuni saboda akwai 'ya'ya, buhu 9 ke nan. Mahaifiya tana da sudusi, buhu 12. Saura 51, a kasa uku, namiji ya ɗauki kashi biyu, buhu 34, mace ta ɗauki ɗaya, buhu 17. Wanda ya warware irin wannan mas'ala guda goma da alƙalaminsa ya fi wanda ya karanta babin sau goma da idonsa.

Yadda ake bitar

A nan ɗan boko yana da darasin da zai koya wurin almajiri. Almajiri ba ya wanke allonsa don kawai ya kalle shi sau ɗari. Sai ya kife shi, ya biya wa malam da ka, an tabbatar ya zauna, sannan a ba shi izinin wankewa, bayan nan kuma ga tilawa don kada na baya ya zube. Masana halayyar ɗan Adam sun zo sun tabbatar da hikimar wannan. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna tun a 1885 cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace ba tare da ma'ana ba yakan zube ne a cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi maimaitawa a zama ɗaya. Lambobin sashe da shekarun kundi, in ba a ɗaura su a jikin wani misali ba, haka za su zube kafin a isa ƙofar ɗakin jarrabawa.

Don haka ɗalibi ya karanta shafi, ya rufe littafin, ya rubuta abin da ya tuna, sannan ya buɗe ya ga inda ya yi tuntuɓe. Ya nemi tambayoyin shekarun baya, waɗanda halal ne kuma ana sayar da su a fili, ya amsa su da agogo a gabansa. Ya samu abokai biyu masu himma su riƙa yi wa juna tambaya bayan la'asar, domin taron da ya wuce mutum uku ko huɗu hira yake komawa. Ya kuma lura da abin da tambaya ta nema: in an ce ya lissafo, ya lissafo a taƙaice, in an ce ya bayyana, to kowane batu yana son jimla biyu ko uku da misali. Da yawa sun san amsa, amma rashin fahimtar umarnin tambaya ya mayar da su daga C6 zuwa D7, alhali tsakanin waɗannan biyun ne ƙofar jami'a take buɗewa ko ta rufe, tunda sai da kiredit biyar ake shiga.

Sannan ya yi barci. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take daidaita abin da aka zuba mata da rana. Wanda ya kwana yana tauna goro yana kurɓar kofi, zai wayi gari ido jawur, ya ga tambayar da ya sani amma amsar ta ƙi zuwa. Mafi muni shi ne wanda abokan banza suka ba shi tiramadol wai don ya kore barci, wal'iyazu billahi. Samari nawa ne suka fara da ƙwaya ɗaya a daren jarrabawa, jarrabawar ta wuce, ƙwayar ta zauna? Abin kunya ne a ce ɗalibi ya sha ƙwaya don ya samu ƙarfin rubuta illolin shan ƙwaya.

Gadon da aka bar wa wannan ƙasa

Samarin Jega da Aliero da Maiyama su ne ya fi kamata su ji nauyin wannan magana, domin garuruwansu suna cikin masarautar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829. A cikin ɗimbin littattafan da ya bari akwai Diya'ul Hukkam, da ya rubuta a Kano a farkon ƙarni na 19 don ya haskaka wa masu mulki da alƙalai iyakokin aikinsu. Ɗaliban da suka gaje shi sukan shekara da shekaru a zaure, daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya, zuwa Risala, har Muhtasar, kuma ba a ɗora mutum a buzun alƙalanci sai malamai sun shaidi iliminsa da amanarsa. A wannan ƙasa ce yau za a ce jikokinsu suna sayen amsar babin shaida da babin amana?

Yaron da ke zaune a benci a bana, shi ne bayan shekara goma sha biyar zai zama alƙali, ko lauya, ko rajistaran kotu, ko ɗan sanda mai shigar da ƙara, ko limamin da za a kira rabon gado. Wata rana marainiya za ta tsaya a gabansa tana neman buhunta 17 da aka danne. In da sata ya haye, bai san rabonta ba balle ya ƙwato mata, kuma wanda ya saba sayen amsa ba zai ji nauyin sayar da hukunci ba. Azzaluman ma'aikatan da samari ke kuka da su a yau ba daga sama suka faɗo ba, da yawansu a ɗakin jarrabawa suka fara koyon sana'ar.

Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa bai samu kiredit ba, bai rasa komai ba sai lokaci: akwai zagaye na biyu na masu zaman kansu a ƙarshen shekara, akwai baɗi, kuma abin da ya shiga kansa ya shiga. Ƙanensa da ke aji huɗu da aji biyar su kuma su ɗauki darasi, su fara fafe gorarsu tun yau. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba masu gaskiya sa'a, Ya sanya albarka a cikin abin da suka karanta, Ya shiryi masu sayarwa da masu saye. Wassalam.